Kamun kifin bass a Tafkin Fork

Masu tambayata inda ake samun kifin bass a nan jihar Texas ta Amurka, ni dai Tafkin Fork ne ya kwanta min a rai. Yana gabas da Dallas, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba a mota.

A 1980 aka tare ruwan, aka bar itatuwa da yawa ba a sare ba, har yau kututturansu na tsaye cikin ruwa. Jikinsu bass yake laɓewa yana dakon ƙananan kifaye. Ƙugiya kam za ta yi ta maƙalewa, sai haƙuri. Da sassafe na jefa tawa gindin wani kututture, kafin ta nutse har zaren ya miƙe, sanda ta lanƙwashe. Da na ɗago shi, baki wangame, babban yatsana ya shige har da saura!

Amma sai da na mayar da shi ruwa. Dokar tafkin ce, wanda tsawonsa ya kama daga inci 16 zuwa 24 sakinsa ake yi. A nan aka kama bass mai faɗin baki (largemouth) wanda ya fi kowanne irinsa nauyi a tarihin jihar, a 1992, sama da kilo 8.

Ku zo a watan Maris ko Afrilu, lokacin da suke matsowa gaɓa yin ƙwai. Ku yanki lasisi tukuna.