Daren da Yankees suka ɓarar da garinsu

Tun da na tare a unguwar Bronx ta birnin New York nake goyon bayan Yankees, ƙungiyar wasan baseball da filinta ke unguwar, amma ban taɓa jin takaici irin na daren 30 ga Oktoban 2024 ba, lokacin da muke gaba da ci biyar da nema, sai ƙwallo ta suɓuce daga safar hannun ɗan wasanmu Aaron Judge a zagaye na biyar, daga nan abokan karawarmu Dodgers suka farfaɗo har suka ɗauke kofin World Series, wato kofin zakarun kakar, da ci 7 da 6. Washegari gidajen talabijin suka yi ta maimaita wannan kuskuren kamar ba Judge ne ya buga ƙwallo ta tsallake shingen fili (home run) har sau 58 a kakar ba. Ni dai na kashe rediyon motata, na wuce gefen filin wasan ban ko ɗaga kai ba.