Gam ɗin da ya cinye min madubi uku

Wata biyu kenan da faruwar abun amma har yau in na ji warin ruwan khal sai raina ya ɓaci, wallahi. Bari in faɗa muku yadda akayi ko wani zai tsira da kuɗinsa.

Ni dai zane na sani, harkar gilas ban jima da shiga ba. Abunda ya jawo ni hotunan ɗakunan Yayoi Kusama ne, tsohuwar nan 'yar Japan da tun 1965 take jera madubai a ɗaki, ka shiga ka ga abu ɗaya ya koma dubu, ba ka ganin ƙarshensa. Sai nace ni ma zan gwada nawa amma ƙarami, akwatin da za a rataya a bango. Kuma ban so ya zama kwaikwayo zalla, shi yasa na tuna da mutanen Masaga na Bida da suke narka kwalabe su yi duwatsun wuya da awarwaro. Ni bani da murhun narka gilas, sai na bi Dilimi na tsinto kwalabe kore da ruwan ƙasa da shuɗi, na farfasa, na zauna ina goge bakin kowane guntu da ruwa da sanfefa. Sati uku ina wannan aikin cikin sanyin Jos, yatsuna duk sun tsage.

Haɗin ba wuya. Madubi a baya, gilas a gaba da aka manna wa ledar tinti mai sheƙi irin ta tagogi, fitilar LED a zagaye a tsakani, tazara kamar inci uku. Katako na sayo a kasuwar Katako, kafinta ya buga min firem. Ranar da na kunna na farko da daddare na kashe wutar ɗaki, kai jama'a! Guntayen kwalbar nan sun jeru suna tafiya ciki kamar rijiya, kuma can ƙasa launin yana komawa kore kore yana dushewa, ashe ƙarfen da ke cikin gilas na gama gari ne yake kawo koren, duk sanda haske ya ratsa sai ya ƙaru. Ban shirya wannan ba amma shi ya fi burge ni. Ƙanwata ta daɗe tsaye tana leƙawa, har da miƙa hannu.

Wata Hajiya mai shagon kaya a wajen Rayfield ta gani a wayata tace in yi mata guda uku. Na yi, na kai, ta biya, kowa na murna.

To ga inda na yi kuskuren. Wajen manna bayan madubin a jikin filawud, silikon ɗin da na samu a kasuwa kawai na saya, irin na kowa da kowa da ake toshe taga da shi. Da na matsa na ji wari mai tsami yana hawa min hanci kamar khal, na ɗauka haka silikon yake. Na zizara shi sosai ma, layi layi, wai don ya kama da kyau.

Bayan kamar sati bakwai Hajiya ta kira, tace ɗana zo ka ga abunka. Ina zuwa naga wasu layuka baƙi baƙi sun fito a cikin madubin, daidai yadda na zizara gam ɗin, kamar sawun tsutsa. Kuma abunda ya fi ci min rai, a irin wannan akwatin tabo ɗaya baya tsayawa a ɗaya, shima maimaita kansa yake har can ciki. Abunda yasa aikin yayi kyau shi ya tona aibin. Duka ukun haka.

Na ɗauki ɗaya na kai wa wani dattijo mai yankan gilas a wajen Terminus. Ko buɗewa bai yi ba, yace ɗana wane gam ka sa, mai warin tsami? Nace eh Baba. Yace ai shikenan, wannan asid ne a cikinsa, yana cin fentin bayan madubi ya isa ga azurfar da ke sa madubin nuna hoto, kuma in ta ci ta ci, babu gyara. Yace akwai silikon marar asid, akwai kuma gam da aka yi musamman don madubi, a jikin robar ake rubutawa. Bambancin kuɗinsu bai kai kuɗin guntun madubi ɗaya ba. Wannan maganar ita ta fi tsaya min a rai.

Wajen ɓamɓarewa biyu suka fashe, guntayen kwalbar da na sha wahalar gogewa rabi sun tafi tare da su. Na sake komai da kuɗina, ribar ta tafi har da ƙari. Hajiya Allah ya saka mata, bata ɗaga min murya ba, amma kunyar da na ji a shagon nan gaban yaranta ba zan manta ba.

Wanda zai gwada, don Allah ka shinshina gam ɗin kafin ya taɓa bayan madubinka, in ka ji tsami ka ajiye. A sabbin ma ni ban sa gam a baya ba sam, kwarmi na sa kafinta ya fafe a firem ɗin madubin ya zauna ciki da 'yar roba. Ka kuma rufe ko'ina ruf saboda ƙurar hunturu, ita ma in ta shiga maimaituwa take. Sannan ka gaya wa mai saye tun farko cewa a rana tsaka kusa da taga abun ba zai nuna ba, sai cikin akwatin ya fi waje haske.

Na ukun da bai fashe ba yana ɗakina, layukan sun ƙara faɗi. Na Hajiya sabbin kuwa duk Asabar sai na biya ta shagon na leƙa su da tocila, zuwa yanzu dai tas suke, alhamdulillahi.