Abin da na gani a COJA 2003 da nake ɗan sa-kai

Duk lokacin da na bi ta gaban babban filin wasa na Abuja a hanyar zuwa filin jirgi sai watan Oktoba na 2003 ya dawo min, lokacin da Najeriya ta karɓi baƙuncin wasannin Afirka karo na 8, wanda kowa ya fi sani da COJA. Ina ɗalibi a lokacin, wani abokina ne ya kawo min fom ɗin aikin sa-kai, na cike kawai don in samu in ga filin nan da ake ta magana a kai, sabo fil, mai cin mutum dubu 60. Rabon da Najeriya ta shirya wannan gasa tun Legas a 1973, ba a ma haife ni ba.

Ni a tunanina tsayawa zan yi bakin fili ina kallon gudu. Ashe ba haka ba. Aka ba ni riga da kati na rataya a wuya aka ajiye ni wajen motocin da ke kwasar 'yan wasa daga masaukinsu da ake kira Games Village, aikina in duba katin mutum in nuna masa bas ɗin da zai hau, tun asuba muke fita wani lokacin sai bayan isha'i, ƙafa duk ta kumbura.

Kwana na uku na yi kuskuren da har yau yake damuna. Wasu 'yan wasa su biyar suka zo da kocinsu yana ta yi min Faransanci da sauri, ni kuma ba na jin ko kalma ɗaya, amma kunya ta hana ni in ce ban gane ba, sai na gyaɗa kai na nuna musu motar da ke zuwa babban fili. Ashe wani ɗakin wasa daban za su je a cikin gari, kuma awon nauyi ne da su da safen. Wanda bai san harkar ba ba zai gane girman abin ba, ɗan dambe ko ɗan kokawa idan lokacin awo ya wuce shi shikenan, wahalar shekaru ta tafi a banza bai ko taka fage ba. Motar har ta fara motsi wani dattijo cikin tawagar Nijar da ke tsaye kusa da mu ya ɗaga hannu ya tsayar da direba, ya juyo ya ce min da Hausa, “Yaro, ka ji abin da mutumin nan ya ce kuwa?” Na ce, “Wallahi Baba ban ji ba.” Ya ce to me ya hana ka faɗa? Bai yi min faɗa ba, shi ya sauko da su ya fassara min, muka sa su a motar da ta dace suka isa a kan lokaci.

Daga ranar na daina amsa abin da ban gane ba. Na samu takarda na roƙi dattijon ya rubuta min sunayen wasanni da lokuta da Faransanci, nake yawo da ita a aljihu. Na kuma gano cewa Hausar da na ɗauka ba za ta yi min amfani a wurin ba ita ce ta fi yi min aiki, mutanen Nijar da wasu daga Chadi da Kamaru da Ghana da sun ji na ce sannu sai fuska ta saki, su zo su taimaka min da tafinta. Gaskiya da ni ne mai rabon aiki, sai na fara tambayar kowane ɗan sa-kai yarukan da yake ji kafin in tura shi ko'ina.

Kallo kam na ɗan samu. Ina cikin fili ranar da Deji Aliu ya ci tseren mita 100, ihun da aka yi har a ƙirjina na ji shi, Mary Onyali ma ta ci nata. Na ga Kenenisa Bekele na Habasha a mita 5000, gudu yake kamar ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. Wasan ƙarshe na ƙwallon ƙafa da Kamaru ta ci mu 2-0 kuwa a rediyon wani direba na ji shi, duk muka yi tsit, sai dai matanmu sun ɗauki zinare, kuma a ƙarshe Najeriya ce ta zo ta ɗaya a teburin lambobi, Masar na biye da ita.

Ranar da tawagar Nijar za ta tafi na je na taya dattijon nan ɗora kaya a mota, na yi masa godiya, ya dafa kafaɗata ya ce in gaida mutanen gida. Takardar da ya rubuta min tana nan cikin akwatina tare da katin wuyan.