Ranar da na kai Inna hoton ciki a Jidda

Wata biyu da zuwan Inna Jidda a kan bizar ziyara, ciwon da ta daɗe tana ɓoye mana ya fito fili. Duk ta ci abu mai maiƙo sai gefen cikinta na dama, ƙasan haƙarƙari, ya riƙe, har ya harba kafaɗa. Ita ta ce olsa ce, a jiƙa mata kanwa. Likitan wani ƙaramin asibiti a unguwarmu ya danna wurin, ta zabura, ya ce a yi sonar. Haka ake kiran sikanin a nan, sashen hoto kuwa sunansa ashi'a.

A wurin karɓar kuɗi aka ce mana inshorar da ta zo da bizar ta larurar gaggawa ce, wannan kuma ba a lissafa shi a ciki ba. Na biya daga aljihu.

An ce ta zo ba ta ci komai ba na awa 8. Na faɗa mata da dare, ta ce to. Da safe muna zaune a layi sai na ji tana yabon shayin da matata ta haɗa mata, mai madara, da ɗan burodi. Na ce, "Inna, ba na ce kada ki ci komai ba?" Ta ce, "Kai yaron nan, shayi abinci ne?" Ni ne ɗan fari, ba ta kama sunana ko a asibiti. Aka maido mu gida. Ma'aikaciyar ta yi mini bayani, sai na ga laifina ne da ban tambayi dalili ba tun farko: matsarmama jaka ce ta ruwan ɗaci, da zarar mai ya shiga ciki sai ta matse ta zubar da shi, ta shanye, na'ura ta kasa ganin abin da ke cikinta. Da na faɗa wa Inna haka da Hausa, washegari ko ruwa sai da ta tambaye ni kafin ta kurɓa.

Sonar ya nuna tsakuwa a matsarmama, amma likita ya so ya tabbatar ko wata ta gangara cikin bututun da ke kai ruwan ɗacin zuwa hanji. Ya rubuta MRI, wanda Larabawa ke cewa ranin. Wannan ba irin hoton ƙirji ba ne da ake yi da haske mai ratsa jiki. Maganaɗisu ne ƙato, kuma ko ba a ɗaukar kowa yana nan a kunne, shi ya sa ba a shiga ɗakin da ƙarfe.

Aka miƙo takardar tambayoyi: akwai na'urar bugun zuciya? An taɓa sa mata ƙarfe a tiyata? Duk a'a. 'Yan kunne da awarwaro ta cire da kanta. Sai ma'aikaciyar ta lalubo wani fil a bakin zaninta, maƙale da makullin akwatinta na Kano. Ban san da shi ba, ita ma ta manta. Sannan aka zo kan haƙorin Makka da ta sa tun aikin hajjinta na farko. Nan fa hankalinta ya tashi, ta rufe baki da hannu, ta ce in dai sai an cire mata haƙori, a bar ta da ciwonta. Suka duba, suka ce ba ya hana hoton ciki. Ta yi hamdala kamar an ce ta warke.

Wahalar gaske ita ce numfashi. Hoton yana buƙatar mutum ya riƙe numfashi na 'yan daƙiƙu, sau da yawa, kuma da Larabci ake ba da umarni ta abin kunne. Inna Larabcin salla kawai ta iya. Zagayen farko duk ya lalace. Na roƙa a bar ni in shiga. Suka yi mini irin tambayoyin da suka yi mata, na ajiye waya, agogo, bel da katin banki. Muka yi yarjejeniya: idan na matse babban yatsan ƙafarta ta riƙe, idan na saki ta shaƙa. Na'urar na ƙara kamar ana dakan sakwara a cikin tukunyar ƙarfe, ni ina tsaye riƙe da yatsan mahaifiyata wajen rabin awa.

Muna fitowa na tare mai ɗaukar hoton, na ce me ya gani? Ya ce shi aikinsa ɗauka, likitan ashi'a ne ke karantawa ya rubuta takrir, wato rahoto. Ya ba ni faifai, na ɗauka sakamakon ke nan. A gida na sa a kwamfuta, na ga hotuna baƙi da toka-toka rututu, na yi ta kallo har na fara ganin cututtukan da babu su. Ranar Alhamis ce kuma, a Saudiyya Juma'a da Asabar hutu ne, ban yi dabarar tambayar yaushe rahoton zai fito ba. Kwana biyu ban yi barcin kirki ba, Inna kuwa tana ta sharar nata.

Ranar Lahadi na karɓo takardar, shafi guda, da Turancin likitoci. Ban bi ta intanet ina fassara ba, na riga na sha wannan wuyar da faifan. Kai tsaye muka wuce wurin likitan da ya tura mu. Ya karanta, ya ce bututun lafiya lau, tsakuwar tana cikin jakar kaɗai, za a cire matsarmamar ta ƙananan huda. Na nemi kwafi biyu na rahoton saboda likitanta na Kano.

Inna ta karɓi faifan ta juya shi gaba da baya, ta ce ashe cikinta kaf ya shiga wannan ɗan abin. Ta naɗe shi a kallabi, ta sa a akwatin da makullinsa ya kusa shiga maganaɗisu.