Asabar a ƙarƙashin wayoyin Arba'at

Ƙarfe huɗu da rabi Inna ta ƙwanƙwasa mini ƙofa: "Kai, ba yau ne za ku bin ungulun ba?" A gidan nan sunan aikin ke nan, bin ungulu, alhali sa kai muke yi wajen ƙirga ungulun da wayoyin lantarki ke kashewa, kuma na gaji da gyarawa. Na yi sallar asuba, na kurɓi shayi a tsaye, na cika jarka da ruwan da aka saya jiya a wurin mai kuran jaki, na fita bakin titi.

Mu shida ne a motar. Akwai Ustaz, malamin ilimin dabbobi da yaƙi ya koro daga Khartoum tun 2023, shi ne jagora. Sai ɗalibansa mata biyu, da wani Bahadande, ɗan ƙabilar Hadandawa ta duwatsun nan, da ya san kowane kwazazzabo a yankin, da ni, da Baba direba, wanda kakansa da nawa hanyar Hajji ɗaya ta ajiye su a nan Bur Sudan, birnin Sudan da ke gaɓar Bahar Maliya. Babu mai karɓar ko sisi a cikinmu, man mota ma karo-karo muke yi. A shingen fita gari mun daɗe, domin a wannan zamani mutum ɗauke da madubin hangen nesa da na'urar GPS sai ya yi bayani. Ustaz ya fito da takardar izini, sojan ya karanta, ya leƙa madubin da kansa, ya ga wata akuya a kan tsauni ta matso gabansa, ya yi dariya ya ce mu wuce.

Hanyar da muka bi tana da tarihi, kuma Ustaz ba ya bari sabon mai sa kai ya taka ta bai ji shi ba. Tsakanin gari da kwarin Khor Arba'at, inda ruwan shanmu ke fitowa, akwai layin wutar lantarki mai tsawon kilomita 31 da aka kafa tun shekarun 1950. Fili ne fetal, ba itacen kirki, saboda haka duk tsuntsun da ke neman wurin kwana mai tsayi, falwaya ce gatansa. Farar ungulu kuwa faɗin fukafukanta ya haura mita ɗaya da rabi. Ta sauka kan ƙarfen falwaya, ta buɗe fukafukai, gefe ya taɓa waya alhali ƙafa na kan ƙarfe, shi ke nan. A farkon shekarun 1980 wani Bajamushe masanin tsuntsaye, Gerhard Nikolaus, ya bi ƙarƙashin layin ya tarar da gawar ungulu kusan 50. A 2010 masana daga Bulgeriya da 'yan ƙungiyar kare namun daji ta Sudan suka sake bi, suka ƙirga 17. Sai a 2014 aka kashe tsohon layin, aka koma kan sabo mai rufaffiyar waya. Shekara talatin da wani abu ke nan tsakanin ganin ɓarna da gyara ta.

Abin da ya kai Turawan Bulgeriya damuwa da falwayar Bur Sudan shi ne, tsuntsuwar tasu ce kamar yadda take tamu. A duwatsun Balkan take ƙyanƙyasa, ƙarshen bazararsu ta kamo hanya ta Turkiyya da Sham, ta zagayo Bahar Maliya, wasu su yada zango a nan, wasu su zarce Habasha, Chadi, Nijar, har arewacin Najeriya. Ƙwai biyu take yi a shekara, ɗan kuma sai ya kai shekara biyar kafin ya fara nasa. Tsuntsu mai irin wannan jinkirin haihuwa ba ya jure asara. Tun 2007 aka saka ta cikin jerin waɗanda ke fuskantar barazanar ƙarewa a duniya.

Aikin kansa ba shi da wani armashi. Ana sauke mu biyu-biyu, kowa da rabonsa na falwayoyi. Ka zagaya gindin kowace, idonka a ƙasa, ka duba cikin ƙaya da bayan duwatsu, ka ɗauki lambar wurin a GPS, ka rubuta irin falwayar, ka rubuta abin da ka gani. Yau tun daga fitowar rana har hantsi ya dubi ludayi abin da nake rubutawa ɗaya ne: sifili, sifili, sifili. Ɗalibar da aka haɗa mu ta fara tsaki, ta ce an fito da ita cikin wannan rana don ta ƙirga babu. Ni kuwa wannan babun ce ta fi yi mini daɗi a duk aikin. Ba don ana zuwa ana rubuta sifilin ba, da wa zai iya bugun ƙirji ya ce gyaran da aka yi yana aiki? Sai dai Ustaz yakan ja mana kunne, cewa sifilinmu ba tsarkakakke ba ne. Karnuka da dila suna riga mu zuwa, gawar da ta kwana biyu da wuya a same ta.

Can wajen kwarin har yanzu ana ganin tabon ambaliyar da ta biyo bayan fashewar madatsar Arba'at a watan Agustan 2024: itatuwa a kwance, yashi ya binne gonaki. Bahadanden nan ya nuna mana inda wasu 'yan uwansa suke zaune a da, bai ƙara ko kalma ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Mun ci ful, wato dafaffen wake, da burodi a inuwar mota. Baba ya hura gawayi ya dafa jabana, wato gahawa, da citta, yana zubawa yana tsokanar Ustaz: "Ai yanzu ungulu ta huta, wutar ma ba a kawowa." Kowa ya dara. Ustaz ya ce a ganinsa hakan ma tarko ne, tsuntsu ya saba da falwaya kwana da kwanaki lafiya lau, ranar da aka dawo da wuta ba wanda zai yi masa shela.

A hanyar dawowa ne muka ratse zuwa wani ɗan reshen layi da ke kusa da juji, wanda ba ya cikin tsarinmu na yau. Baba ne ya nace, ya ce yana ganin tsuntsaye a kansa duk yamma. Waya tsirara, ƙarfe a gicciye, irin na da sak. A gindin wata falwaya, cikin ƙaya, na hango abin da na ɗauka tsohon buhu ne. Ɗan farar ungulu ne, na bana ko na bara, domin gashinsa bai fara fari ba, ruwan ƙasa ne mai duhu. Ya bushe ƙayau, ba wari. Na sa safar hannu na juya shi. Yatsun ƙafar dama sun ƙanƙance sun yi baƙi, kuma a gwiwar fiffiken hagu gashin ya babbake ya nannaɗe. Ustaz ya tsuguna ya nuna wa ɗaliban: nan wuta ta shiga, nan ta fita. Da karo ya yi da waya, a tsakanin falwaya biyu za a same shi da karyayyen fiffike. Da guba ce, da wuya a same shi shi kaɗai, kuma za ka ga matattun ƙudaje a kusa da mushen da ya ci. Na duba ƙafafun ko akwai zoben da masana ke sa wa tsuntsu don shaida, babu. Muka ɗauki hoto, muka sa shi a leda don kada wani ya sake ƙirga shi. Ɗalibar da ke tsaki ɗazu ita ce ta cike takardar, hannunta na rawa.

A jujin kansa mun ga masu rai, ba yawa, manya da ƙanana, cikin shirwa da hankaki. Na daɗe da madubi a kan wata babba. Fara sol, bakin fukafukai baƙi, gashin ƙeya a tsaitsaye, fuska rawaya kamar an shafa mata kurkum. Tana tafe a hankali tana tsince-tsince, ba ruwanta da hayaniyar hankaki. Wannan ce tsuntsuwar da ke ɗaukar dutse da baki ta fasa ƙwan jimina, amma yau ga ta a kan ledar shara.

Bayan magariba na biya wurin Kawu, inda yake gasa agashe. Ya ga ƙura a ƙafata ya ce, "Ɗan nan, an samo?" Na ba shi labari. Ya ce lokacin yana yaro, a mayanka sai an kora su da sanda kafin a yi fiɗa, kuma kafin azahar sun share wurin tas, ba tumbi ba jini. Yanzu karnuka ne suka gaje su. Sai ya rage murya ya ce shekarun baya wani baƙo daga yamma ya taɓa tambayarsa ko zai samo masa kan ungulu, da kuɗi mai kauri. Bai samo ba, in ji shi, don dai ƙyama.

Wannan ce gaɓar da ba na son a zo kanta in muna tare da Ustaz, domin kunya take ba ni. A 2014, shekarar da aka kashe layin Arba'at, wani ɗan farar ungulu da aka sa wa na'urar bibiya a Girka, aka raɗa masa suna Paschalis, ya tsallake duk haɗurran hanya ya isa kudancin Nijar, mafarauci ya harbe shi don kasuwar masu magani ta Najeriya. Ƙasar kakanninmu ke nan, kuma da harshenmu ake cinikin. Falwaya dai ana rufe mata waya a huta. Mai neman kan ungulu don sa'ar kasuwa ko ta zaɓe fa, da me za a rufe shi? Na faɗa wa Kawu haka, ya ce in bar wa malamai, su ake ji. Na ce to shi ya fara da limamin unguwarmu, tunda kullum a bencinsa yake cin nama. Ya ce in kawo hoton ƙafar nan ya nuna masa.

Na dawo gida ba wuta, wayata saura kaɗan ta mutu, don haka takardun yau sai gobe zan shigar a shagon caji. Ustaz ya ce zai rubuta wa masu kula da layin jujin, ya haɗa da hotuna da lambar falwayar. Asabar mai zuwa daga can za mu fara, kuma Baba ya ce kowa ya zo da kuɗin mai tun ranar Alhamis.