Daga teburin lissafi zuwa ƙirgar namun daji: inda koyona ya kai

'Yan'uwana masu shirin barin sana'ar da suka saba domin shiga aikin kare namun daji, ga bayanin inda na kai da kuma abin da har yanzu yake ba ni wuya. Ina nan kan aikina na lissafin kuɗi a ofis, ban ajiye shi ba tukuna, amma ranakun hutu da duk safiyar da na sami sarari na ware su domin koyo. Abin da ya fi fitowa fili a wannan zangon shi ne, kaso mafi tsoka na wannan aiki ƙirga ne da rubutu. Son dabbobi shi ne yake jawo yawancinmu, sai dai mai kula da gandun daji ko mai jagorantar bincike abin da yake buƙata daga gare mu shi ne adadin da zai iya dogara da shi, ya kuma iya kwatanta shi da na bara da na baɗi.

Da tsuntsaye na fara, domin ana samun su a ko'ina kuma ba sai an nemi izinin shiga gandun daji ba kafin a kalle su. Kayan aikin ba su da yawa: tabarau mai hangen nesa, da littafin gane tsuntsaye na yankin da mutum yake, da ƙaramin littafin rubutu, da fensir, saboda tawada tana narkewa idan raɓa ko yayyafi ya taɓa takarda. A yanzu ina iya gane tsuntsayen da suka fi yawa a wurin da nake zagayawa ta kukansu tun kafin in gan su, wanda shi ne ci gaban da na fi jin daɗinsa. Waɗanda suke ba ni wuya su ne dangin shaho idan sun yi nisa a sama, da ƙananan tsuntsaye masu launin ƙasa waɗanda kusan duk kamanninsu ɗaya, da kuma 'ya'yan da gashinsu bai rikiɗe ya koma irin na manya ba. Idan ban tabbata ba nakan rubuta dangin tsuntsun kawai in bar shi haka, domin sunan da aka cika da kintace yana ɓata bayanan da wasu za su yi aiki da su.

Duk abin da na gani ina shigar da shi a eBird, rumbun bayanan da cibiyar nazarin tsuntsaye ta Jami'ar Cornell a Amurka ta buɗe a shekarar 2002 tare da ƙungiyar Audubon. Kafin manhajar ta karɓi jerinka sai ta tambaye ka lokacin da ka fara, da tsawon lokacin da ka ɗauka, da nisan da ka yi, da yawan mutanen da kuke tare, sannan ta tambaye ka ko jerin nan ya ƙunshi duk tsuntsayen da ka iya ganewa ko kuwa ka zaɓi waɗanda suka burge ka ne kawai. Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce mafi muhimmanci. Jerin da ya cika yana faɗin abin da aka gani, yana kuma faɗin abin da aka duba ba a gani ba, kuma da wannan ɓangare na biyu ne masu bincike suke gano cewa wani tsuntsu ya fara raguwa a wani wuri.

A nan ne na daɗe, domin rashin ganin dabba ba ya tabbatar da cewa ba ta wurin. A ɗauka akwai wata gada a wani kurmi, kuma a duk zuwan da ka yi damar ganinta rabi da rabi ce. Idan ka je sau ɗaya, yiwuwar ka dawo ba ka gan ta ba kashi 50 cikin 100 ne. Idan ka je sau biyu ya sauka zuwa 25. Idan ka je sau uku ya koma 12.5, wato ɗaya cikin takwas. Saboda haka ko bayan zuwa uku, a cikin kowane kurmi takwas da gadar take ciki akwai ɗaya da za ka rubuta cewa babu ita. Wannan ne dalilin da ya sa ake maimaita ziyara wuri ɗaya, ana rubuta ranar da aka gani da ranar da ba a gani ba, domin daga wannan jeri ne ake ƙiyasta damar ganin ita kanta, sannan a gyara adadin wuraren da dabbar take. Duk wanda ya fahimci wannan zai fara karanta rahotanni da wani ido dabam, ya riƙa tambaya sau nawa aka je, a wane lokaci na rana, kuma su wa suka duba.

Bayan maimaita ziyara, hanya ta biyu da nake koyo ita ce ƙirga a kan miƙaƙƙen layi. Ana shata layi a taswira tun kafin a fita, ba tare da la'akari da inda dabbobi suka fi taruwa ba, sai mutum ya bi shi a hankali, duk dabbar da ya hango ya rubuta nisanta daga gare shi da kuma kusurwar da take daga layin, domin daga waɗannan biyu ake fitar da ainihin tazararta da layin. Hikimar ita ce, dabbar da take kan layi kusan dole a gan ta, amma gwargwadon nisanta gwargwadon raguwar damar ganinta, kuma yadda adadin yake raguwa da nisa shi ne yake nuna yawan waɗanda suka kuɓuce wa ido. Akwai manhaja kyauta mai suna Distance, wadda masu bincike a Jami'ar St Andrews ta Birtaniya suke kula da ita, da take yin wannan lissafi. Sharuɗɗan hanyar uku ne: a ga duk abin da yake kan layi, a rubuta inda dabbar take kafin ta razana ta gudu, kuma awon nisa ya zama daidai. Na uku shi ne rauni na. Idona yana rage nisa a fili, yana ƙara shi a cikin duhuwa, don haka yanzu nakan kintaci nisan wata bishiya ko wani dutse, sannan in auna da taku ko da igiyar awo in ga bambancin, kuma a hankali tazarar da take tsakanin kintace da awo tana raguwa.

Hanya ta uku za ku iya gwada ta a gida da tsakuwa. Ku zuba tsakuwa da yawa a buhu ba tare da kun ƙirga ba, ku ɗebo 40 ku shafa musu fenti ku mayar, ku gauraya sosai, sannan ku sake ɗebo 50. Idan 10 daga cikinsu suna da fenti, to kashi ɗaya cikin biyar na abin da yake buhun ne mai fenti, ke nan jimillar ta kai wajen 200. Haka ake yi da dabbobi: a kama, a sa alama, a saki, a sake kamawa. Lissafin yana tsayawa ne idan ba a haifi wasu ko wasu sun mutu ko sun yi ƙaura tsakanin kamu biyun ba, idan alamar ba ta goge ba, kuma idan dabbar da aka taɓa kamawa ba ta koyi gudun tarko ba. Dabbobin da suke da zane a jiki ba sa ma buƙatar a kama su, domin tabon kowace damisa ya bambanta da na 'yar'uwarta. Masanin nan ɗan Indiya, Ullas Karanth, ya yi amfani da wannan a gandun dajin Nagarahole a shekarun 1990, inda ya ƙiyasta yawan damisar Asiya mai ratsi ta hanyar kyamarorin da ake ɗaurewa a jikin bishiya, masu ɗaukar hoto da kansu idan wani abu ya gifta. Na sami damar taya wasu masu bincike tantance irin waɗannan hotuna a matsayin aikin sa kai, kuma ina shaida muku cewa mafi yawansu ciyawa ce da iska ta kaɗa.

Inda tsohuwar sana'ata ta yi mini rana shi ne wajen tsara bayanai. Ƙa'idojin da muke bi a littafin kuɗi su ne dai a nan: kowane abu da aka gani ya sami layinsa, a rubuta kwanan wata da salo ɗaya daga farko har ƙarshe, kada a taɓa ainihin takardar da aka zo da ita daga daji, a yi gyara a kwafi, kuma a bambanta sifiri da gurbin da aka bari, domin sifiri yana nufin an duba ba a gani ba, gurbi kuwa yana nufin ba a duba ba. Na fara koyon manhajar QGIS domin zana taswira, kuma yanzu ina iya ɗora wuraren da na ɗauka da GPS a kan hoton tauraron ɗan'adam in auna faɗin fili. R, wato harshen kwamfuta da ake ƙididdiga da shi, yana tafiya a hankali, amma dukansu kyauta ne kuma tallace-tallacen guraben aiki suna yawan ambaton su. Akwai kuma manhajar SMART, wadda masu gadin gandun daji suke shigar da bayanan sintirinsu a ciki. Darasinta ɗaya ne da na eBird: yawan tarkon da aka tsinta ba shi da ma'ana sai an raba shi da yawan kilomitar da aka taka, in ba haka ba gandun da aka fi yin sintiri a ciki shi ne zai bayyana kamar ya fi kowane fama da mafarauta.

Ɓangaren dokoki na karanta shi ne gwargwadon buƙata. Ƙungiyar IUCN ta kare halittu a duniya, wadda aka kafa a 1948, ita ce take fitar da jerin halittun da suke cikin haɗari, kuma tana auna raguwar kowane jinsi a tsawon shekara 10 ko zuriya uku, duk wanda ya fi tsawo. Yarjejeniyar CITES, wadda aka sa wa hannu a 1973 ta fara aiki a 1975, ta shafi cinikin namun daji da tsirrai tsakanin ƙasashe, ita kuma ta Ramsar ta 1971 ta shafi fadamu da tafkuna da sauran wurare masu dausayi. Ya isa mai koyo ya san abin da kowacce take hukuntawa da inda ikonta ya tsaya.

Ga masu jin cewa sun makara ko kuma karatunsu bai shafi dabbobi ba, labarin ungulayen kudancin Asiya ya cancanci nazari. Daga shekarun 1990 jinsi uku na ungulu a can suka ragu da fiye da kashi 95 cikin 100. Masu ƙirga ne suka fara nuna girman asarar, amma likitocin dabbobi da masu gwaje-gwaje ne suka gano a 2004 cewa maganin diklofenak da ake yi wa shanu shi ne yake lalata ƙodar ungulun da ta ci mushensu. Daga nan aikin ya koma hannun masu tsara doka da masu shawo kan hukumomi, har Indiya da Pakistan da Nepal suka hana sarrafa maganin domin dabbobi a 2006, sannan aka shiga wayar da kan masu sayar da magani da makiyaya su koma maganin meloksikam, wanda gwaji ya nuna ba ya cutar da ungulu. Haka nan a Kenya, binciken Lucy King tare da ƙungiyar Save the Elephants ya nuna cewa giwaye suna gudun ƙudan zuma, aka yi shingen amya a gefen gonaki, amma shingen ba ya ɗorewa sai manomi ya ga amfaninsa ya kula da shi. Malamin makaranta, da lauya, da ɗan jarida, da direba, da mai lissafi duk suna da gurbi a irin waɗannan ayyuka. Zama da mutanen da giwa ta cinye musu gona ko kura ta kashe musu akuya, a saurare su ba tare da yi musu wa'azi ba, shi ne fannin da ban taɓa ba ko kaɗan, kuma ba a koyon sa a kwamfuta.

Game da komawa jami'a, ra'ayina shi ne kada mutum ya yi gaggawa. Guraben aikin ba su da yawa, da dama daga cikinsu kwantiragi ne na ɗan lokaci da yake ƙarewa idan tallafin da aka samu ya ƙare, kuma aikin daji yana nufin tashi kafin asuba da nisa da iyali. Gara mutum ya ɗanɗani wannan ta aikin sa kai yana riƙe da albashinsa, ya gano ko bincike yake so ko gudanarwa ko aiki da al'umma, sannan ya zaɓi karatun da ya dace, domin mai son jagorantar bincike digiri na biyu zai zame masa dole, mai son kula da kuɗin aiki da rubuta rahoton tallafi kuwa wataƙila ya riga ya mallaki rabin abin da ake nema.

Abin da yake gabana yanzu shi ne ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya, wadda ake yi a kowane watan Janairu tun 1967, ƙungiyar Wetlands International ce take tsara ta, kuma masu sa kai ne suke yin mafi yawanta. Domin in zama mai amfani a cikinta dole in iya ƙirga babban garke cikin sauri, don haka ina atisaye da hotuna: in ƙirga tsuntsu goma, in riƙe girman wannan rukuni a ido, in auna sauran garken da shi goma-goma ko hamsin-hamsin, sannan in koma in ƙirga ɗaya bayan ɗaya in ga yawan abin da na rage. Bayan ƙidayar zan haɗa taswirar wurin da na ƙirga da taƙaitaccen rahoto mai shafi biyu, wanda zai zama abu na farko da zan iya nuna wa mai ɗaukar aiki.