Fuskata a bangon Baleta

Asabar ɗin da ta wuce na ciro shaddata ta sallah, na goge ta da kaina, na hau bas daga Marsa zuwa Baleta, babban birnin Malta. An rataye hotona a wani zaure, inda masu zanen Malta suka haɗu kowa ya kawo fuskokin da ya zana.

Bara ne muna filasta a gidan wani dattijo a Birkirkara, ashe mai zane ne. Kullum ya kawo mana shayi sai ya tsaya yana kallon kumatuna, har abin ya fara damuna. Rannan ya tambaye ni tsagar da ke fuskata. Na ce ta gidanmu ce, wanzami ya yi mini ita ranar suna a Damagaram. Lahadi huɗu na zauna masa a kan kujera, ya biya ni, bai rage ko sisi ba.

Da na shiga zauren gabana sai da ya faɗi don murna. Ga wata tsohuwa mai saƙar leshi daga Gozo, ga masunci daga Marsashlok da hannuwansa duk kanta, ga wani fada na coci. Kowanne da 'yar takarda a gefe, an rubuta sunansa. Na isa kan nawa. Kalma ɗaya ce tak, ma'anarta ɗan gudun hijira.

Ina tsaye ina karantawa wata mata ta dube ni, ta dubi bango, ta kira ƙawayenta. Suka ce in tsaya kusa da shi su ɗauka a waya. Na tsaya. Wallahi ban san abin da ya hana ni cewa a'a ba. Babu wadda ta tambayi sunana.

Wani zai ce abin bai kai ya kawo ba. To, duk wanda ya ƙetaro daga Libiya ya san maƙabartar Addolorata da ke Paola. A watan Afrilun 2015 an binne mutum 24 a can, waɗanda aka tsamo daga teku, lamba aka sa musu domin ba wanda ya san sunansu. Ni Allah Ya fitar da ni daga ruwan nan da raina. Na yi zaman sansanin 'yan gudun hijira na Hal Far, na samu takarda, ina biyan haraji, gumina yana jikin gine-ginen garin nan. A ce har yau ba ni da suna?

Na samu dattijon na gaya masa da harshensu: għandi isem, ina da suna. Harshen nasu tushensa Larabci ne, Ubangiji ma Alla suke ce masa, wanda ya yi allo ba ya shan wuya sosai. Fuskarsa ta yi ja. Ya ce tsoro ya ji kada sunan ya jawo mini matsala. Na yarda ba da mugunta ya yi ba, amma da ya tambaye ni.

Zanen kansa kuwa ba ni da ta cewa. Da na matsa baya na dube shi da kyau, ba ni na gani ba, Baba na gani. Yadda yake sunkuyar da kai in yana jan carbi, da jijiyar nan ta goshi. Baba bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba, yana cewa mala'iku ba sa shiga gida mai hoto. Ya rasu ina Sabha ta Libiya, sai bayan wata biyu labari ya iske ni. Ba mu da komai nasa sai buzu da tawada.

Na tura wa ƙanwata ta WhatsApp ta nuna wa Inna. Saƙon muryar da ya dawo, farkonsa shiru ne, ana jin kukan awaki a tsakar gida. Can Inna ta ce, "Wannan ai Malam ne." Sai ta ce na rame, ina dai cin abinci?

Yanzu ta matsa sai an wanko mata shi a kasuwa ta ajiye a ɗaki. Yaya ya ce bai halatta ba, Baba ba zai so ba. Dukansu ni suke jira in raba gardama, yau kwana biyar ke nan ban kira gida ba.